DARASI: YADDA ƘUNGIYAR ƘAUYE ZA TA NEMI TAIMAKON GIDAUNIYA

Ƴan'uwa maza da mata na cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa ya shafi neman taimako. A ƙauyukanmu da yawa akwai ƙungiya: ta manoma, ta makiyaya, ta mata, ta matasa, ko ta uwayen yara ƴan lakwal. Kowace tana da aikin da take so ta yi, amma ƙarfinta bai kai ba. Wata rijiya take so, wata bankin cimaka, wata shingen garka, wata injin niƙa. Mun sha jin ana cewa: "Garin su wane sun samu furoje, mu ba mu samu ba." Wasu su ce sa'a ce. Wasu su ce hanya gare su.

Sa'a tana nan, amma akwai aiki a gabanta. Masu ba da taimako iri-iri ne: akwai gwamnatoci, akwai manyan ƙungiyoyin duniya, akwai kuma gidauniyoyi. Yau bisa gidauniyoyi za mu yi magana. Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Gidauniya tana taimakon ƙungiyar da ta fara aiki da kanta, ta san abin da take so, ta iya lissafinsa, kuma ta je ƙofar da ta dace. Kuka da roƙo ba su isa ba. Abin da ake bukata shi ne karatu da rubutu da lissafi, wato abin da muke koyo a aji.

MINE NE GIDAUNIYA?

Gidauniya dukiya ce da wani attajiri, ko wani iyali, ko wani kamfani ya ware don aikin alheri. Da faransanci ana ce mata fondasiyo. Galibi ana juya dukiyar, ana samun riba, ribar ce ake rabawa kowace shekara. Kamar mutum ne ya ajiye garke ya ce: "Kada a sayar da uwayen, amma nono da maruƙa na mabukata ne." Mun san irin wannan a wurinmu, shi ne waƙafi.

Ga waɗansu manyan gidauniyoyi na duniya:

- Gidauniyar Rockefeller, a Amurka. An kafa ta a 1913 da dukiyar man fetur.
- Gidauniyar Ford, a Amurka. An kafa ta a 1936 da dukiyar ƙera motoci.
- Gidauniyar Hilton, a Amurka. An kafa ta a 1944 da dukiyar gidajen saukar baƙi.
- Gidauniyar Aga Khan. An kafa ta a 1967, cibiyarta tana Janiba, ƙasar Suwis.
- Gidauniyar Gates, a Amurka. An kafa ta a 2000 da dukiyar kwamfuta. A 2025 ta ba da sanarwa za ta rabar da dukiyarta duka, ta rufe a 2045.

A Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da wajen kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara. Wato in dukiyar jika 100 ce, sai a fitar da jika 5. Ke nan bayarwa dole ce gare su. Ma'aikatansu kullum suna neman hannu na ƙwarai da za su danƙa wa kuɗi. Saboda haka ƙungiyar da ta zo da aiki mai kyau, abokiyar aiki ce. Kada ta ji kunya, kada kuma ta zo da muryar bara.

Amma a san abu biyu. Na farko, kowace gidauniya tana da manufarta, wadda mai kafa ta ko kwamitinta suka tsai da. Mai aikin lafiya ba ta saya wa kowa shanun huɗa. Na biyu, masu nema sun yi yawa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako da ake kira USAID. Ƙungiyoyi da yawa da suka dogara da ita sun juya zuwa ƙofar gidauniyoyi. Wanda ya fi shiri shi zai fi samu.

TA WACE HANYA KUƊIN KE ZUWA ƘAUYE?

Manyan gidauniyoyi ba safai suke ba ƙungiyar ƙauye kuɗi hannu da hannu ba. Sukan ba wata babbar ƙungiya, ita kuma ta yi aiki da ƙananan ƙungiyoyi. Kamar ruwan gulbi ne: sai an yi masa lambatu kafin ya kai fangali.

Mu duba misalai da suka shafi ƙasarmu. Tsofaffi sun san wahalar kurkunu. Tun 1986 Cibiyar Carter ta Amurka ta shiga yaƙi da shi, tare da ma'aikatun lafiya na ƙasashe. Gidauniyar Gates tana cikin waɗanda suka zuba kuɗi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Haka kuma a 2002 Gidauniyar Hilton ta sa kuɗi cikin wani babban shiri na ruwan sha a Gana, Mali da Nijar, ta hannun ƙungiyoyi irin su World Vision. Gidauniyar Stromme ta ƙasar Norwe ta kawo ajin gaggawa na wata 9, don yaran da suka rasa shiga lakwal, a Mali, Burkina Faso da Nijar. Ita ma ta hannun ƙungiyoyin cikin ƙasa ta yi aikin.

To, ƙofofi uku ke nan gare mu:

1. Ƙungiyoyin ONG da ke aiki cikin yankinmu da kuɗin gidauniya. Wannan ƙofa ta fi kusa, ta fi sauƙi.
2. Asusai na tsakiya, masu karɓa daga manya su raba wa ƙanana. Misali shi ne asusun raya matan Afirka da ake kira AWDF, wanda ke birnin Akara, ƙasar Gana. Ƙungiyoyin mata yake taimako.
3. Ƙananan gidauniyoyi na iyalai da na kamfanoni, na waje da na cikin gida. Kuɗinsu ba su da yawa, amma sun fi sauraron ƙaramar ƙungiya.

Ƙungiyar da ba ta taɓa samun taimako ba, gara ta fara da ƙaramin aiki a ƙofa ta kusa. In ta riƙe amanar kaɗan, ita ce shaidarta ranar neman mai yawa.

A SHIRYA GIDA TUKUNA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a ji labarin taimako, ƙungiya ta tanadi abu biyar.

Na ɗaya, takardar amincewar hukuma. Ƙungiyar da ba ta da takarda, a idon gidauniya babu ita. Ran 1 ga Maris 1984 aka sa hannu bisa dokar ƙungiyoyi ta Nijar, mai lamba 84-06. Ga koperatif kuma, a 2010 ƙasashen yarjejeniyar OHADA, har da Nijar, suka amince da doka guda. Bisa wannan doka mutum 5 sun isa su kafa ƙaramin koperatif. Ku je biron komin ko na furufe, ko ku tambayi malamin gona, a gwada muku takardun da ake bukata yanzu. Ku tambayi kuma rahoton da hukuma take jira daga ƙungiya kowace shekara.

Na biyu, dokokin ƙungiya a rubuce, da shugabanni da aka zaɓa gaban kowa: shugaba, magatakarda, ma'aji, da masu binciken kuɗi. Kada su zama ƴan gida ɗaya.

Na uku, kaye biyu. Ɗaya na taro: ranar taro, waɗanda suka zo, da shawarar da aka yanke. Ɗaya na kuɗi: abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage.

Na huɗu, asusu da sunan ƙungiya, a banki ko a gidan ajiya da bashi. A tsara shi yadda ba za a fitar da kuɗi ba sai mutum biyu sun sa hannu. Gidauniya ba ta zuba kuɗi a aljihun mutum ɗaya.

Na biyar, aikin da ƙungiya ta riga ta yi da ƙarfinta. Wannan shi ne mafi nauyi. Mu tuna da Mata Masu Dubara. A 1991 aka fara tsarin a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna bashi daga akwatinsu. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mata 40 da ke zuba dala ashirin kowane mako, a shekara sun tara sefa 208.000. Kayen da ya nuna wannan zubi ya fi doguwar magana ƙarfi.

In aikin ya shafi fili, akwai abu na shida: takardar filin. Tun dokar karkara ta 1993 aka fara kafa kwamitocin kula da filaye. A ƙauye ana ce da shi kofob. A je wurinsa a rubuta kyauta ce, ko aro ne, ko saye ne, da shaidu da sa hannun maigari. Sau da yawa mata sukan gyara garka, in ta yi kyau mai fili ya ce yana son abinsa. Takarda ita ke hana wannan.

INA ZA MU JI LABARI?

Gidauniya in tana son ba da taimako takan yi shela. Ana ce da shelar "kiran furoje". Ga inda akan ji ta:

- a rediyon karkara;
- a allon sanarwa na komin da na furufe;
- wurin ma'aikatan gona, na dabbobi, na daji, na lafiya da na yaƙi da jahilci;
- wurin tarayyar ƙungiyoyin manoma ko na mata, in ƙungiyarku tana ciki;
- wurin ƙauyukan da suka riga suka samu. Ku je ku gani, ku tambaya: wa ya ba ku, wa ya kai ku, mi kuka rubuta?
- a intanet. Kusan kowace gidauniya tana bayyana manufarta can, da sunayen waɗanda ta taimaka. Ku sa ɗan garinku da ya yi karatu, ko mushen lakwal, ya duba muku da salula.

A sa mutum biyu cikin ƙungiya su riƙe wannan aiki. Su buɗe shafi a kaye: sunan gidauniya, abin da take taimako, ranar rufe karɓar takardu.

TAMBAYA HUƊU KAFIN A ƊAUKI ALƘALAMI

1. Tana aiki a ƙasarmu da jiharmu?
2. Tana taimakon irin aikin da muke so?
3. Tana ba irinmu? Wata ƙungiyoyin mata kawai take ba. Wata sai ƙungiyar da ta shekara biyu ko uku da takarda. Gidauniyar Tony Elumelu ta Najeriya, tun 2015, tana ba matasan Afirka jarin dalar Amurka 5.000. Amma mai sana'a ɗaya ɗaya take ba, don sana'arsa. Ƙungiyar da ke son rijiya, wannan ba ƙofarta ba ce.
4. Nawa take bayarwa, kuma tana karɓar takarda daga kowa? Waɗansu, kamar Gidauniyar Gates, galibi su ne ke neman wanda za su ba.

In amsa ɗaya ta zama "a'a", a bar wannan ƙofa, a nemi wata. Kada kuma a sake aiki don kwaɗayin kuɗi. Garin da ƙishirwa ta dama, in ya rubuta yana son kiwon kaji don ya ji ana ba da kuɗin kaji, zai ƙare ba kaji ba ruwa.

YADDA AKE RUBUTA TAKARDAR NEMA

A fara da taro. Maza da mata da matasa su yi shawara, su tsai da aiki guda. Takardar da ta nemi rijiya da lakwal da likita da hanya gaba ɗaya, ba a kai ƙarshenta ake ajiye ta. A sanar da maigari da komin, don aikin ya dace da tsarin raya komin.

In gidauniya ta ba da tata takardar cikawa, ita za a cika, tambaya bayan tambaya. In ba ta bayar ba, a amsa waɗannan tambayoyi bakwai. Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar mata mai noman rani.

1. Su wane ne mu? Mu mata 40 ne. Mun shekara 3 muna zubi. Muna da takardar hukuma da asusu.
2. Mine ne matsalar? Garkarmu eka ɗaya ce. Shingen ƙaya gare ta, dabbobi suna shiga. Rijiyoyinmu na ƙasa ne, suna rubzawa kowace damina.
3. Mi muke so mu yi? Shingen waya mita 400, da rijiya 2 ta siminti.
4. Wa zai amfana? Mata 40 da iyalansu. A ƙidaya mutanen gidajen, a rubuta adadi na gaskiya.
5. Yaushe, kuma wa zai yi? Shinge a watan Oktoba, rijiyoyi a Nuwamba, dashe a Disamba. A rubuta mai kula da kowane aiki.
6. Da mi za a gane an ci nasara? Da buhunan albasa da kwandunan tumatir da aka samu bana, a gwada da na bara.
7. In kuɗin taimako sun ƙare fa? Kowace mace za ta zuba jika guda bayan girbi. Sefa 40.000 ke nan kowace shekara, don gyara.

Ku lura, kowace amsa da adadi a ciki. "Muna cikin wahala ƙwarai" magana ce da kowa ke faɗi. "Dabbobi sun cinye fangali 30 cikin 80" magana ce da ake iya zuwa a gani. Tambaya ta bakwai ita ce masu gidauniya suka fi dubawa, don sun sha ganin fanfo ya lalace, ba mai gyara.

A tattauna da Hausa, a rubuta da Hausa. Bayan nan a nemi wanda zai juya da faransanci. In ya gama, ya karanta, ya mayar da Hausa gaban taro. Kada a sa hannu bisa takardar da ba a san cikinta ba.

LISSAFIN KUƊI

Nan ne takardu da yawa suke faɗuwa. Mu a kasuwa da dala muke lissafi. A takarda kuwa da sefa ake rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ɗari sefa 500. Jika guda sefa 1.000. Wanda ya rubuta dala a gurbin sefa, kashi ɗaya cikin biyar na bukatarsa kawai ya nema.

Ga lissafin garkar matan nan. Kuɗin misali ne na aji. Ku naku ku je kasuwa, ku tambayi ƴan kasuwa biyu ko uku, su rubuta muku farashi.

- Wayar shinge, mita 400, kowace mita 2.500: sefa 1.000.000
- Turakun ƙarfe 160, kowane 3.000: sefa 480.000
- Rijiyar siminti 2, kowace 600.000: sefa 1.200.000
- Butar ban ruwa 40, kowace 4.000: sefa 160.000
- Iri: sefa 100.000
- Ɗaukar kaya: sefa 60.000
- Ƙwadagon mutanen gari, yini 200, kowane 1.500: sefa 300.000

Jimla: sefa 3.300.000.

Rabon ƙungiya: iri, ɗaukar kaya da ƙwadago, sefa 460.000.
Abin da ake nema wurin gidauniya: sefa 2.840.000.

Ku duba layin ƙwadago. Ginar ramuka, jidar yashi da tsakuwa da ruwa, aikin amalanke, duka dukiya ce. A yi musu kuɗi a rubuta, don a ga ƙungiya ta sa nata. In gidauniyar ta Turai ce, tana iya son lissafi da kuɗin yuro. Yuro ɗaya wajen sefa 656 ne.

Kada a kumbura farashi. Masu dubawa suna da mutanensu a ƙasa, sun san kuɗin buhun siminti. Kada kuma a rage don jin kunya, aiki ya tsaya a tsakiya. A sake tara lissafin sau biyu, mutum biyu dabam.

WASIƘAR RAKIYA

Bisa takardar ana ɗora gajeriyar wasiƙa. Ga kamanninta:

"Zuwa ga shugaban gidauniya. Bayan gaisuwa mai yawa. Mu ƙungiyar mata ce ta manoman rani, mu 40. Mun ji kuna taimakon aikin noma na mata a ƙasarmu. Muna so mu yi shingen waya da rijiya 2 a garkarmu. Aikin zai ci sefa 3.300.000. Mun ɗauki nauyin 460.000. Muna neman 2.840.000 daga gare ku. Ga takardunmu haɗe. Muna murna in kun zo kun gani da idonku. Mun gode."

A sa kwanan wata, sunan gari da komin, lambar salula, sa hannun shugaba da hatimin ƙungiya. A haɗa da kwafin takardar hukuma, na takardar fili, sunayen shugabanni, da hoton wurin. Takardun asali su zauna gida. A aika tun da sauran kwanaki. Takardar da ta zo bayan ranar rufewa, ba a buɗe ta.

IN AMSA TA ZO

Amsa takan ɗauki watanni. In an ce a'a, kada a yi fushi, kada a zargi magatakarda. Masu nema sun fi kuɗin yawa, takardu masu kyau ma suna faɗuwa. A rubuta godiya, a tambayi inda aka gaza, a gyara, a sake nema. Mai nema yana tare da samu.

In an ce za a zo ziyara, a gwada wa baƙi abin da ke akwai. Kada a aro garkar wani ko tumakin wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A bar mata da matasa su yi magana da bakinsu.

In an ce i, za a kawo yarjejeniya. A karanta ta gaban taro, a fassara, kafin a sa hannu. In akwai sharaɗin da ƙungiya ba ta iya cikawa, a faɗa tun lokacin. Bayan nan a kiyaye waɗannan:

- A faɗa wa gari duka nawa aka samu, da abin da za a yi da su.
- Kowane saye da rasiɗinsa. A liƙa shi a kaye.
- Kuɗin rijiya na rijiya ne. Ba a ranta wa kowa, ko don biki ko don rashin lafiya. In dole ta sa a sake wani abu, a nemi izinin gidauniya a rubuce.
- A aika rahoto ranar da aka yi alkawari: abin da aka yi, abin da aka kashe, abin da ya rage, da matsalar da aka samu. In rijiya ta ci karo da dutse, a faɗa.

Masu gidauniya sun san juna, suna tambayar juna. Ƙungiyar da ta ci amana ta rufe ƙofa ga kanta da maƙwabtanta. Wadda ta cika alkawari, wani lokaci ita ake zuwa nema.

HATTARA DA ƳAN DAMFARA

Akwai masu yawo ƙauye ƙauye da jaka da takardu. Sukan ce: "Kowa ya kawo jika biyu kuɗin dosiye, furoje na zuwa." Akwai masu aiko saƙo a salula da sunan manyan gidauniyoyi, su ce kun ci kyauta, ku aiko kuɗin buɗe asusu. Ku riƙe wannan da kyau: gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta ba da taimako. Ba ta kuma ba wanda bai nema ba kyauta ta salula.

Duk baƙon da ya zo da maganar furoje, a tambaye shi takardarsa ta aiki. A tambayi komin ko sun san da shi. Kada a ba shi takardun asali na ƙungiya, ko katin ɗan ƙasa na mutane. Mai taimakon rubutu kuma, a yi jinga da shi tun farko, a biya shi ladan rubutunsa daga asusun ƙungiya. Wanda ya ce sai an ba shi kashi cikin kuɗin taimako, a rabu da shi. Garin da ke da masu karatu da lissafi, da wuya a cuce shi haka.

AIKIN AJI

A amsa da baki:
1. Mine ne bambancin gidauniya da gwamnati?
2. Waɗanne abubuwa biyar ƙungiya za ta tanada kafin ta nema?
3. Domi ake rubuta ƙwadagon mutanen gari cikin lissafi?
4. Da mi ake gane ɗan damfara?

A yi lissafi bisa allo:
1. Dala 700, sefa nawa ne?
2. Mata 25 suna zuba dala goma kowane mako. Sefa nawa suka tara a mako 52?
3. Aiki zai ci sefa 1.500.000. Ƙungiya ta ɗauki 250.000. Nawa za ta nema?

A yi rubutu: kowane ɗalibi ya zaɓi aiki guda da garinsa ke bukata, ya amsa tambayoyi bakwai ɗin nan cikin kayensa, kowace da layi biyu.

Malaman cibiyoyi, muna roƙonku ku karanta wannan darasi tare da shugabannin ƙungiyoyin garinku. Ku duba kayensu na taro da na kuɗi. In babu, a buɗe su cikin wannan mako. Ƙungiyar da ta rubuta takardarta ta neman taimako, ko ta samu ko ba ta samu ba, ta aiko mana da labari, mu buga shi don sauran garuruwa su ƙaru.